Tsaraba daga tekun Annabi Lutu

Karatuna ba wani mai yawa ba ne. Allo na ajiye shi tun ban kai izu uku ba, boko kuwa ajin yaƙi da jahilci na shiga da girmana, shi ma don malamin abokina ne. Abu biyu Allah ya hore mini, tuƙi da baki. Tuƙin ne ya kai ni New York, bakin kuma shi ya riƙa jefa ni a rami ina rarrafowa.

Maigidana ɗan boko ne na gaske, tun a Kaduna nake ja masa mota. Da ya sami aiki a wata babbar ƙungiya ta ƙasashen duniya, sai ya ce ba zai amince wa kowa da wuyansa ba sai ni, ya taho da ni. A farkon shekarun saba'in ɗin nan Hausawan birnin ba mu da yawa. In an yi suna falo ɗaya ke ɗauke mu, har a sami wurin ajiye takalma. Ranar Asabar kuwa duk wani gwauro, da wanda ya baro iyali a gida, ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar ko ɗan zangon Gana, wuri guda muke nufa. Mu shiga jirgin ƙasa mai lamba D zuwa unguwar Bronx, mu sauka a Grand Concourse, mu hau bene hawa huɗu zuwa gidan Hajiya.

Hajiya bazawara ce. A Kumasi aka haife ta, amma iyayenta Katsinawa ne, ni kuwa Bahaɗeje, kun ga ke nan akwai wasa tsakaninmu tun kafin a haife mu. Reno ne ya kawo ta gidan wani ma'aikacin Gana. Da suka tashi komawa ta ce ita ta zauna, ta kama ɗakuna biyu tana yi mana tuwo. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Bahaɗeje, cire takalmin nan, ba kwalekwale ka shigo ba."

"Hajiya, yau an tuna da nama a miyar, ko sai mun kawo fitila?"

Ina son ta, ba sai na ɓoye ba. Na wuce arba'in, matata ta rasu tun muna gida, kuma na gaji da cin burodi a tsaye. Na aiki dattijon da ke ja mana salla ya kai maganata. Sai dai ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani akawu ɗan Yamai, mai kwat da tsaga a kai, wanda in zai ce to sai ya ce bon da Faransanci. Shi ma ya aiki dattijon da tasa maganar. Akawu ya iya kyauta, yau turare, gobe gyale, har da agogon bango mai tsuntsu da ke leƙowa ya yi kuka. Ni abin da nake kai wa Hajiya yunwa ce da labari.

Abu ɗaya take kuka da shi kowace Asabar, kanwa. Kantunan birnin babu ita, sai wata farar hoda ta masu yin burodi da take zubawa tana tsaki. Duk wanda ya zo daga gida sai ya kawo goro da kilishi da yaji ya manta da kanwa, don maza ne ke yin tafiyar. Ta ce miyar kuɓewarta ta daina yauƙi, wakenta kuma sai ya wuni a wuta kamar ana dafa tsakuwa. Mu dai cinyewa muke yi mu side kwano. Akawu ya ce zai sa a aiko da buhu guda daga Yamai, buhun da har yau yana hanya.

Ana haka aka tura Maigida taro a Amman, ƙasar Jodan. Ba a daɗe da yi masa aiki a gwiwa ba, likita ya ce ya riƙe sanda, shi kuwa ya ce sanda ba ta ɗaukar akwati. Haka na sami kujera a jirgin sama a matsayin sanda.

Da na je yi wa Hajiya sallama na buɗe baki yadda na saba. Na ce ƙasar annabawa za ni, inda Annabi Musa ya taka, inda Annabi Haruna yake kwance. Hajiya tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba.

"Waɗanda suka taka can da ƙafa mai tsarki suka taka. Kai da wace ƙafa za ka?"

"Da ta Maigida, tunda ni ne ita."

"To ina tsarabata?"

"Faɗi abin da kike so."

"In na faɗa ai sallahu ya zama, ba tsaraba ba. Je ka dawo, in ga abin da idonka ya iya gani. Sannan dattijo ya ji amsata."

Akawu yana gefe yana goge tabarau, ya ji komai. Da wannan magana na hau jirgi, ta fi akwatin Maigida nauyi.

Bayan an tashi daga taron, Maigida ya ce ba zai bar ƙasar ba sai ya ga kufan mutanen da. Shi mutum ne da in ya ga tsohon bango sai ya tsaya ya gaishe shi. Ya sama mana wuri a wata bas cike da 'yan coci daga Amurka, yawancinsu tsofaffin mata baƙaƙe masu manyan huluna, da fastonsu, da wani siririn Balarabe mai yi mana jagora. Duk inda aka tsaya fasto zai buɗe littafinsa ya karanta, matan su ce amin, ni ma in ce amin, don sunayen da nake ji duk na san su tun a tsangaya. Ibrahim namu ne, Musa namu ne, Dauda namu ne. Wata tsohuwa ta tambaye ni da Turanci ko ni ɗan wace coci ne. Na ce ni ɗan cocin bayan bas ne, inda ake ajiye kaya. Tun daga nan ta riƙa ba ni alewa.

Wuri na farko Jarash ne, birnin Rumawa. Ginshiƙai ne tsaitsaye a jere, dogwaye kamar giginya, ba rufi ba ƙofa. Na tambayi Maigida ko kuɗi ne ya ƙare wa mai ginin. Ya ce in yi shiru kada jagora ya ji. A gefe kuma ga wasu Turawa sun durƙusa a rami cikin rana, suna share tsingaro da ɗan buroshi, suna sa shi a kwali kamar ƙwai. Maigida ya ce kowannensu ya yi karatun da ya fi nasa. Na tuna tarin tsingaron da ke bayan gidanmu a Haɗeja, wanda muke jifan kadangaru da shi. Ashe dukiya muka yi ta jifa.

Ni dai idona ba a kan gini yake ba, tsaraba nake nema. Masu talla suna ta miƙo mana kwalabe da aka cika da yashi kala-kala, da raƙuman katako, da ɗan ruwan kogin Urdun a kwalba. 'Yan coci suna saye. Na ɗauki raƙumin katako na juya shi, na ji muryar Hajiya a kunnena tana tambaya ko tatsar shi za ta yi. Na ajiye.

Aka kai mu wani gari mai tsohuwar coci, inda aka jera ƙananan duwatsu a daɓe aka fitar da taswirar ƙasar, har da kifaye a cikin kogi. Kifin ne kawai na gane, shi ma ban yarda da wutsiyarsa ba. Daga nan muka hau dutsen Nebo, Maigida ya rataya a kafaɗata har muka kai ƙoli. Jagora ya ce nan ne aka ce Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsaya ya hangi ƙasar da ya jagoranci mutanensa zuwa gare ta, ya gan ta da ido, bai shiga ba. Matan nan suka fara waƙa a hankali, wasu suna share hawaye. Ni ma na ɗaga hannu na yi addu'a, ba ƙarya. Sai dai Allah ya yafe mini, can ƙasan zuciyata ƙofar kicin ɗin Hajiya nake hange, da akawu a zaune a ciki.

A tsohon birnin Petra kuwa ko ni mai baki sai da bakina ya mutu. Ka bi ta wata tsaga a cikin dutse, ƙunci, sama ta zama kamar zare, kana tafe kana tafe, sai kawai ka ga fuskar fada an sassaƙa a jikin jan dutse, tsayinta ya kai benayen Grand Concourse. Ba a ɗora dutse kan dutse ba, dutsen aka fafe kamar ƙwarya. Na ce wa Maigida wannan aikin aljanu ne. Ya ce mutane ne, fatake ma, masu safarar turare. Na shiga ciki ina sa ran ganin gadon sarki, na tarar da ɗaki fayau, ba komai sai warin awaki. Daga nesa jagora ya nuna mana wani farin ɗigo a kan tsauni ya ce kabarin Annabi Haruna ke nan. Na yi fatiha daga ƙasa, don gwiwar Maigida ba za ta hau ba, kuma na gode wa gwiwar.

Har yanzu jakata ba komai. Sai ranar da za mu koma Amman aka gangara da mu, gangara har kunne ya toshe, zuwa wani tafki shimfiɗeɗe a tsakiyar duwatsu. Ba tsuntsu, ba ciyawa, ba kwalekwale ko ɗaya. Fasto ya karanta labarin mutanen Annabi Lutu da yadda aka kife garuruwansu a nan, ya nuna wani dogon dutse a kan tudu ya ce ana cewa matar ce da ta waiwaya. Jagora ya ce mai so ya shiga ruwan, ba a nutsewa, amma a kwanta a hankali da baya, kada ruwa ya taɓa ido.

Ni za a koya wa ruwa? Ni da na yi iyo a kogin Haɗeja tun ban iya ɗaura wando ba? Na tuɓe riga, na ja da baya, na sheƙo a guje na yi tsalle da ka, don tsofaffin nan su ga ɗan bakin kogi. Ruwan ya ƙi karɓa ta. Ya turo ni sama kamar gora, ƙafafuna a sama, fuskata a ƙasa, idona kamar an zuba barkono, bakina kamar na tauna garwashi. Tsohuwar nan mai alewa ce ta jawo ni da mariƙin lemarta, ta wanke mini ido da ruwan shanta tana kiran sunan Ubangiji.

Ina zaune a bakin gaɓa ina hawaye, da idona ya fara buɗewa, sai na ga abin da nake zaune a kai. Fari ne, dunƙule-dunƙule, wani wurin da ɗan toka-toka, ya daskare a kan duwatsu har iya ganina. Ina yaro fatake kan ratsa garinmu da jakuna daga Manga, ɗauke da kanwa, kuma sun sha gaya mana a bakin tafki ake farfaso ta, cikin hamada. To ga hamada, ga tafki, ga farin abu. Me ya rage? Na ɓalli kaɗan na lasa. Ɗaci ya tsaga mini kai. Na ce ai kanwa ma ba alewa ba ce, wannan ta Larabawa ce, dole ta fi tamu ƙarfi. Ni da ban taɓa shiga kicin ba sai don in saci nama, ni na yanke wannan hukunci. Labarin Annabi Lutu ya ɗan taɓa ni, sai na ba kaina fatawa cewa mutanen ne suka yi laifi, ƙasa ba ruwanta.

Na zazzage jakata, na ba direban bas tsofaffin riguna biyu da takalmi, na cika ta taf. Maigida ya ce mene ne wannan. Na ce sirrin mata ne. Ya dube ni ya ce shi dai kafaɗata ɗaya yake so in bar masa.

A filin jirgin New York jami'in kwastan ya buɗe jakar, ya ga farin abu cike, ya dube ni, ya kira abokinsa. Na ce kayan miya ne. Ya dangwali kaɗan ya sa a harshe. Sai da ya tofar a kwandon shara sau da yawa kafin ya iya magana, ya ce in rufe in tafi, kuma Allah ya taimaki masu shan miyar.

Ranar Asabar na sa babbar riga na hau benen nan da jaka a ka. Falo ya cika. Na dire ta a tsakiya na ce a kira mini uwar gida. Na yi jawabi. Na ce wasu sun yi alkawarin buhu daga Yamai, ni kuwa daga ƙasar annabawa na ɗauko da hannuna. Akawu ya leƙa ya ce bon. Hajiya ta goge hannu a zane, ta ɗauki dunƙule ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta taɓa da bakin harshe. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Bahaɗeje, kai ka ɗauko wannan? Tun daga can?"

"A kaina, Hajiya. Ga Maigida a kafaɗa ɗaya, ga ta a ɗaya."

"Ka ɗanɗana?"

"Na ɗanɗana. Irin ta manya ce."

"To madalla. Mai tsaraba shi ke buɗe ta. Zauna."

Ta shiga kicin. Aka fito wa kowa da tuwo da miyar kuka, ni aka ce in jira. Can sai ga ta da kwano na musamman, mai murfi, irin wanda ake ba baƙo. Ɗanwake ne, ya sha mai da yaji, har da dafaffen ƙwai a kai. Ta ajiye a gabana, ta jawo kujera ta zauna tana fifita da murfin.

Loma ta farko na gane komai. Tafkin nan ne gaba ɗaya ya biyo ni Bronx ya shiga bakina. Na ɗaga kai, kowa ya bar cin tuwonsa yana kallona. Na dubi Hajiya, na ga ta sani tun lasar farko. Hanya biyu ce a gabana, in ture kwanon in ce na yi wauta akawu ya ji daɗi, ko in ci. Ban taɓa mayar wa Hajiya da kwano da saura ba, ban ga dalilin farawa a gaban ɗan Yamai ba.

"Yaya kanwar?" in ji ta.

"Ta ji, Hajiya. Sai dai hannunki ya ɗan yi nauyi."

"A ƙaro?"

"A bar wa baƙi."

Akawu ya ce a ba shi ya taɓa. Hajiya ta ce a'a, wannan na mai shi ne. Na ci, gumi yana zuba, hawaye yana zuba, ina cewa yajin ne. Na cinye har ƙwan, na side kwano kamar kullum, na yi hamdala da muryar da ba tawa ba. Hajiya ta ɗauki kwanon ta duba cikinsa, ta daɗe tana dubawa, ta tashi ta shige kicin da shi.

Abin da ya faru a jirgin D ba zan rubuta shi duka ba, don jikokina sun iya karatu. Ya isa in ce tsakanin Grand Concourse da inda muke zaune a Manhattan babu tashar da ban sauka na gaisa da ita ba. Washegari Maigida da kansa ya ja mota, ni ina kwance. Da na gaya masa abin da ya faru ya yi dariya har sai da ya riƙe gwiwa. Ya ce gishiri ne, mai ɗacin da ko kifi ba ya rayuwa a ruwansa, da na tambaye shi da ya gaya mini. Na ce da na tambaya ai da ban zama ni ba.

Na yanke ƙauna. Asabar ta zagayo ban je ba. Ranar Juma'a bayan salla dattijo ya ja ni gefe. Ya fara da faɗa, ya ce ƙasar da aka saukar wa azaba ba a ɗebo abin ci daga cikinta, in je in yi istigfari. Na ce ai na riga na karɓi hukuncina a jirgin ƙasa. Ya danne dariya da gefen rawani, sannan ya ce Hajiya ta ba shi saƙo, kuma ta ce ya faɗa yadda ta faɗa, kada ya gyara.

"Ta ce kai wawa ne, wannan ba ta da shakka. Amma shekara guda tana kukan kanwa a gaban maza cike da falo, kai kaɗai ka ji. Kuma ta ce mutumin da ya cinye wannan kwano bai ɓata fuska ba, ba abin da za ta dafa nan gaba da zai yi ƙorafi a kai. Ka turo."

Na ce, "Baba, wawan ba za a iya cire shi daga saƙon ba?"

"Ta ce shi ne kan maganar."

Cikin hunturu aka ɗaura auren, a falon nan nata. Daren jajibiri ƙanƙara ta zuba, da safe matakalar ƙofar gidan ta zama kamar gilashi, mai kula da ginin kuma ya ce gishirin da yake watsawa ya ƙare. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce in hau in sauko da tsarabata, tana nan bayan ƙofa inda ta ajiye ta. Na sauko da jakar cikin babbar rigar angonci, na farfasa da guduma na watsa. Kafin baƙi su fara isowa ƙanƙarar ta narke tas, har ta fi ta maƙwabta. Mai kula da ginin ya tambaye ni inda ake sayar da irin wannan. Na ce da ɗan nisa.

Kowa ya hau lafiya, ba wanda ya zame. Akawu ma ya zo, da agogo na biyu a hannu. Ya tsaya a matakala ya dubi farin abin da ke ƙarƙashin takalminsa, ya dube ni. Na ce ya taka a hankali, daga ƙasar annabawa take.